Fankar Maman Yohanna

Har gobe ban manta da safiyar Juma'ar nan ba, ranar da na dawo daga hutu na tarar da ƙofar ɗakin sabar a wangale, wata tsohuwar fanka tana ta juyawa a tsakiyar ɗakin, ƙaurin waya kuma ya cika baranda. Ku da kuka kama aiki jiya-jiya kuna yi mini dariya duk lokacin da na ce a gwada alat, wato saƙon gargaɗin na'ura, sau biyu, kuna cewa Baba Nasiru ya cika naci. To ku gyara zama, yau zan gaya muku inda nacin nan ya samo asali.

A lokacin soja sun koma bariki, arziki ya buɗe, kowace hukuma a Abuja sayen kwamfuta take yi ba ji ba gani. Ni kuwa sabon ma'aikaci ne a hukumar nan tamu, ina mataki na takwas. Ga wanda bai san aikin gwamnati ba, nan ne mai digiri yake farawa, Darakta kuma yana can mataki na sha bakwai. Tsakanina da shi akwai bene uku da sakatariya ɗaya.

Aikina shi ne kula da manyan kwamfutocin da muke kira sabar, waɗanda ke riƙe da wasiƙu da fayilolin hukumar gaba ɗaya. Ɗakinsu yana can ƙarƙashin gini, kusa da sito, babu taga ko ɗaya. Na'urorin nan ba sa shiri da zafi, saboda haka esi biyu, wato na'urorin sanyaya ɗaki, ke aiki a kansu ba tsayawa. Ana zufa a waje, ni ina ciki da rigar sanyi. Ni kaɗai ne a sashen. Ba mai saukowa wurina sai in wani abu ya lalace, in ya gyaru kuwa ko sannu ba a aiko mini.

Iyalina suna Malumfashi, domin ɗakin da nake haya a Dei-Dei, bayan 'yan katako, ba zai ɗauke mu ba. In na tashi aiki sai in hau mota in koma, in sayi abinci a leda, in ci ina sauraron manyan motoci suna sauke kaya. Kaɗaici ya dame ni a shekarun nan, ba zan ɓoye muku ba.

Mutum ɗaya ce take ƙwanƙwasa mini ƙofa kowace safiya. Sunanta Talatu, amma kowa Maman Yohanna yake ce mata. 'Yar Gbagyi ce daga Paikon Kore, can wajen Gwagwalada, dattijuwa, ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce, wani ɗan kwangila ne ya kawo su shara. Ita ke share benen Darakta da kuma ƙasa inda nake. Ƙarfe takwas za ka ji ta: "Oga Nasiru, ka kwana lafiya? Yaranka sun kwana lafiya?" Yaran nawa su ne na'urorin. Sai in ce lafiya lau, ta goge ƙasa ina tsaye, ta fita. Shekara biyu muna haka.

Yanzu bari in bayyana yadda alat yake, don wanda ba ɗan sana'a ba. A cikin kowace sabar akwai wata 'yar manhaja mai gadi. Ita ke duba zafin na'ura, da wuta, da ko ma'ajiya ta cika. Da ta ga abin da bai yi mata ba sai ta aika saƙon gargaɗi. Amma ita ba ta san kowa ba, adireshin da ka rubuta mata nan za ta aika, ko da kuwa kango ne. A farkon zuwana na haɗa abin yadda saƙon zai shigo wayata. In zafi ya ɗan tashi, wayar ta yi ƙara a aljihuna, in je in duba. Wallahi akwai ranakun da saƙon na'ura ne kaɗai yake shigo mini tun safe har magariba, kuma in na ji ƙarar har wani daɗi nake ji.

Ana nan sai hukuma ta sayo babbar manhajar kula da netwok, wato haɗakar kwamfutocinmu, wadda ke tattara gargaɗin dukkan na'urori a allo ɗaya. Kore lafiya, rawaya a kula, ja kuma a tashi tsaye, har da jiniya. Abu ne mai kyau ƙwarai. Aikina shi ne in bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya in sauya musu adireshi, su riƙa aika kukansu ga wannan allo. Kwana uku na yi ina wannan aiki.

Matsalar ita ce inda aka kafa allon. Ƙato ne, sabo fil, yana walƙiya. Darakta, Alhaji Sabo, ya gan shi ya ce a kafa masa a bangon ofishinsa, inda baƙi za su gani. Da na hau in nuna masa yadda yake aiki, sai na yi gwaji, allon ya yi ja, a daidai lokacin wayata ta yi ƙara a aljihu.

Ya ce, "Wannan kuma fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kwafin saƙon ne yake zuwa mini."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Nasiru, shekara nawa ka yi a aikin gwamnati? Yaya za a yi na'urar hukuma ta kai rahoto ga ɗan mataki na takwas, Darakta bai gani ba? Komai yana da hanyarsa. Ya zo nan tukuna, in na gani zan aiko a kira ka."

Kada ku ɗauka mugun mutum ne. Shekara talatin ya yi yana ganin takarda tana hawa daga tebur zuwa tebur, a wurinsa gargaɗin na'ura ma fayil ne. Ni ne na san ba haka ba ne. Zafi ba ya jiran sa hannun kowa. Amma me na ce? Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na sauka na cire lambata da hannuna. Ko layi ɗaya ban rubuta a fayil ba cewa akwai haɗari. Daga ranar wayata ta yi tsit.

Bayan wata biyu, tsakiyar bazara, matata ta haihu. Na cike takardar neman hutu, aka ba ni kwana huɗu, Litinin zuwa Alhamis. Ƙa'ida ita ce mai tafiya hutu ya miƙa aiki ga wani, to ni wa zan miƙa wa? Sai na kai makullin ɗakin sabar ga sakatariyar Darakta, Madam Rukayya, ta rataye shi, na sa hannu a littafin makullai. A wannan makon ne kuma Darakta ya tafi kwas ƙasar waje. Ya kulle ofishinsa, ya bar umarni kada wanda ya shiga sai ya dawo. Na sani sarai. Na ce a raina kwana huɗu ne kawai, Allah zai tsare.

Na sha suna, na dawo Juma'a, na tarar da abin da na gaya muku. Sabar biyu sun mutu murus. Tun ranar Alhamis babu wasiƙar da ta shiga ko ta fita a hukumar. Ina tsaye ina salati sai ga Maman Yohanna da bokitinta, idonta ya faɗa.

Ta ce, "Oga Nasiru, sannu da zuwa. Abin nan na ofishin Oga yana kuka tun Litinin. Ina shara a bakin ƙofa, ina ji, fi-fi-fi, bai tsaya ba. Na gaya wa Madam, ya ce kayan Oga ne, ba ruwana, in yi sharana. Na gaya wa masu gadi, suka yi dariya."

Na ce, "To fankar nan fa?"

"Ranar Laraba na taɓa ƙofanka, zafi kamar murhu. Na ce kai, yaran Oga Nasiru ba su son zafi. Na roƙi Madam makulli, na dangwala hannu a littafi. Na buɗe ƙofa, na ɗauko fanka a sito na sa musu." Ta ƙara da cewa, "Na nemi lambanka. Na bi ofis-ofis, bene uku. Ba wanda yake da shi."

Wannan maganar ta soke ni. Shekara biyu a gini ɗaya, ba wanda ya taɓa neman lambata, ni ma ban taɓa ba wa kowa ba. Tana fita ta waiwayo ta ce, "Na kawo wa mai jego doya, yana bayan ƙofa." Ko godiya ban yi mata ba, hankalina yana kan na'urori.

Kowace na'ura tana da kundin da take rubuta duk abin da ya same ta, da rana da lokaci. Na buɗe kundin na buga shi a takarda. Komai yana nan ƙarara. Esi na farko ya tsaya ranar Litinin da hantsi, na biyu ya bi shi ranar Talata. Saƙo bayan saƙo yana tafiya ofishin Darakta, yana isa lafiya lau, babu mai gani. Ranar Laraba, daidai lokacin da ta buɗe ƙofa ta kunna fanka, zafin ya sauka. Ba don ita ba da ba biyu za mu rasa ba, da duka sun tafi. Na ninke takardun na sa a aljihu. Asabar da Lahadi na yi su a ɗakin, ina dawo da fayiloli daga ajiyar da nake yi duk mako.

Ranar Litinin Darakta ya dawo. Ya sauko ƙasa da kansa, abin da bai taɓa yi ba, manya uku suna biye da shi. Idonsa ya sauka a kan fankar.

"Wa ya kawo wannan?"

Madam Rukayya ta buɗe littafin makullai ta nuna masa dangwalen yatsa.

Ya ce, "Shi ke nan, an gano. Mai shara ta shiga ta jona fanka ta ƙona mana kaya. Ko ba haka ba, Nasiru?"

Takardun suna aljihuna, ina jin su a ƙirjina. Na dubi manyan nan, na tuna ba a ma tabbatar da ni a aiki ba, na tuna jaririn da na baro. In na fito da su, na nuna umarninsa ne ya jawo, a gaban mutane. Sai na ce, "Ana kan bincike, ranka ya daɗe." Tir da wannan baki nawa.

Kafin azahar ɗan kwangila ya sallame ta. Su ba a ba su takardar tuhuma, ba a kafa musu kwamiti, kira ɗaya a waya ya isa. Ta sauko ta ajiye bokiti da tsintsiya a sito, ta tsaya a bakin ƙofata. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Oga Nasiru, kai ka sani." Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina har ta hau bene.

Satin da ya biyo baya shi ne mafi tsawo a rayuwar aikina. An gyara esi, ɗakin ya koma sanyinsa, ƙarfe takwas ta yi ba mai ƙwanƙwasawa. Doya biyu suna bayan ƙofa, ɗaure da igiyar rama. Na kasa kai su gida, na kasa bayarwa. Duk shigar da zan yi sai na gan su, har ɗaya ta fara tsiro.

An kafa kwamiti na mutum uku, kamar yadda ake yi in kayan gwamnati sun lalace. Kowa ya san rahoton ya gama rubutuwa tun kafin a zauna. Ranar da aka kira ni, na yi alwala, na hau, na ajiye takardun nan a kan tebur. Na bi da su layi-layi. Na nuna musu inda saƙon yake zuwa, na nuna musu ranar Laraba. Shugaban kwamitin ya tambaye ni wa ya ce a kai gargaɗi ɗakin da ake kullewa. Na faɗa. Ya tambaye ni wa ya cire lambata. Na ce ni ne.

Da yamma Darakta ya aiko a kira ni. Bai ce in zauna ba.

"Nasiru, ni za ka kwance wa zani a kasuwa? A kan mai shara?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, nawa zanin na fara kwancewa. Kai ba ka san na'ura ba, ni na sani, kuma na yi shiru. Matar nan ita kaɗai ce ta ji kukan ta yi wani abu."

Ya daɗe yana kallon allon nan na bango, komai kore shar. Sannan ya ce, "Je ka." Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwata da baki ba sai da kai, ƙarin girmana kuma ya yi barci shekara guda a cikin wani fayil. Wasu suka daina gaishe ni a masallaci. Ban ji wani bambanci sosai ba, da ma can ba rububina ake yi ba.

Rahoto ya fito bayan sati uku. An ce matsalar tsari ce, ba laifin kowa ba, kun san yaren. Amma akwai sakin layi ɗaya da ya wanke Maman Yohanna tas, har aka rubuta mata wasiƙa mai hatimi. Aka aika ta hannun ɗan kwangila. Bayan kwana biyu wasiƙar ta dawo, an rubuta a bayan ambulan cewa ba a san inda matar take ba. Na tarar da ita a tiren masinja, an ɗora mata kofin shayi. Na ce a ba ni, na sa hannu na karɓa.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Gwagwalada, daga nan na hau okada zuwa Paikon Kore. An yi ruwan farko, mutane suna ta hidimar gona. Na yi tambaya a bakin coci aka nuna mini gidan. Tana tsakar gida tana sussukar dawa. Da ta gan ni sai taɓaryar ta faɗi daga hannunta, ta leƙa bayana.

Ta ce, "Ka zo da 'yan sanda?"

Innalillahi. Ashe labari ya riga ta isowa gida, cewa ta ƙona injin gwamnati a Abuja, kuma za a zo a kama ta. Wata guda ke nan ba ta zuwa kasuwa. Ko makullin ɗakin ajiyar coci da take riƙewa an karɓe, wai don kada a samu matsala. Mijinta ya fito daga ɗaki da fartanya a kafaɗa, ya amsa sallamata a daƙile, bai ba ni wurin zama ba.

Na miƙa mata wasiƙar da hannu biyu, na ce, "Mama, an wanke ki. Ga shaida."

Ta juya ambulan gaba da baya, ta mayar mini. "Oga Nasiru, ni ba na karatu. Takarda a hannuna ba ya magana. Ka karanta inda mutane za su ji."

Ta ɗaura ɗankwali ta fita. Kafin wani lokaci tsakar gidan ya cika, mata da goyo, tsofaffi, har da dattijon cocinsu. Na tsaya a gindin mangwaro na karanta da Turanci, na fassara da Hausa, mijinta kuma yana juyawa da Gbagyi. Da na kai ƙarshe sai na ga wasiƙar ta yi kaɗan. Na ninke ta na ce, "Akwai abin da ba a rubuta ba. Mu masu digiri muna ginin nan, na'ura ta yi kwana huɗu tana kuka, matar nan ce kaɗai ta kula. Kuma ranar da aka kore ta, gaskiyar tana aljihuna, tsoro ya hana ni fito da ita. Mama, ki yafe mini."

Mijin ya tsaya, ya dube ni, sannan ya fassara wannan ma. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Maman Yohanna ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da zani, sai yanzu ta yi kukan. Mijin ya shiga ɗaki ya fito mini da kujera.

Aikin dai bai dawo ba, ɗan kwangila ya riga ya sa wata. Maman Yohanna ma ta ce ko an kira ta ba za ta koma ba, ƙafarta ta gaji da bene. Da zan tafi ta tambaye ni ko mai jego ta ci doya. Na ce mata gaskiya, tana nan bayan ƙofa har ta yi tsiro. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce Bahaushe bai san darajar doya ba. Na ɗauki ambulan ɗin na rubuta lambata a baya da manyan baƙi na ba ta.

Ta duba ta ce, "Lamba kam ina ganewa." Sannan ta girgiza kai. "Amma Oga Nasiru, sai yanzu?"

Na yi musu sallama na kama hanya.

Da na koma, ban nemi a cire allon daga ofishin Darakta ba, na bar masa abinsa. Na dai rubuta a fayil, wannan karon da biro, cewa kowane gargaɗi zai tafi wuri uku: allon, da wayata, da wata 'yar jiniya a ɗakin masu gadi. Ya sa hannu.

Shi ya sa in kun haɗa alat kuka zo kuna murna wai saƙo ya tafi, nake tambayarku wa ya ji. Na'ura ba ta taɓa yi mana ƙarya ba, ta yi kiranta a kan lokaci. Mu ne muka kai kiran ɗakin da ba kowa, muka kulle, saboda girma. Ku gwada ranar da Oga ba ya nan. Ku gwada ranar da ku kanku ba kwa nan. Sannan ku san sunan mai shara da mai gadi, su ma su san naku.

In kun sauka ƙasa ku dubi ƙofar ɗakin sabar. Takardar nan da ta yi ja don tsufa, wadda kuke cewa in cire domin ta ɓata fenti, lambata ce. Da gangan na manna ta ƙasa-ƙasa, daidai inda idon mai goge ƙofa zai sauka. In na yi ritaya kada ku yage ta, ku rubuta taku a kai.